Ranar da Alhaji Sule Ya Je Ba Farfesa Haƙuri

Watan Agusta na sauka Doha, watan da ko 'yan garin masu hali kan tattara iyalansu su gudu su bar shi. Ina fitowa daga sanyin filin jirgi tururi ya rufe mini tabarau, na tsaya ina laluben hannun jakata, gumi na bin bayana tun ban taka ko'ina ba. Ina da shekara goma sha tara, ban taɓa wuce Kaduna ba, kuma duk abin da na sani game da garin shi ne akwai kuɗi da dogayen gine-gine.

Kwalejin da ta ɗauke ni ƙarama ce, can gefen gari ta hanyar Umm Salal. Ɗalibanta gaba ɗaya ba su kai na sakandaren da na gama a Malumfashi ba. Irin makarantar nan ce da ake sa mutum ya ɗanɗana komai, falsafa da adabi da lissafi da sauransu, kafin ya zaɓi inda zai zauna. Su suka ɗauki nauyina, daga kuɗin makaranta har ɗakin kwana da abinci, bisa sharaɗi ɗaya: akwai wani layi da aka ja, idan makina ya faɗo ƙasa da shi, tallafin ya tashi, takardar zama ta bi shi, ni kuma in kama hanyar gida. Babana tela ne, kekensa ɗaya. Ba sai an yi mini dogon bayanin abin da wannan layi yake nufi ba.

Mutumin da ya fara cutata a ƙasar ɗan gida ne. A tashar jirgin ƙasa ya ji ina waya da Innata, ya rungume ni kamar mun fito ciki ɗaya, ya saya mini shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya alhali bai san kowa ba. A mako na biyu ya sayar mini da kwamfutar hannu wadda in ka zare ta daga wuta sai ta mutu murus. Na kira lambarsa har na gaji. Kwamfutar ba ta dame ni kamar rungumar ba, don a lokacin rungumar nake bukata fiye da komai. Abokin ɗakina, wani Basudane mai suna Ɗahir, bai yi mini dariya ba. Ya tura mini tasa kwamfutar ya ce shi da safe yake aiki, in ɗauka da yamma, kuma haka muka yi har shekara ta ƙare.

Kewar gida kuwa ba ta zo mini ta inda na zata ba. Na ɗauka Inna zan fi tunawa, sai ga shi ƙamshin ƙasa nake nema bayan ruwan farko, da ƙarar keken Baba, da gaisuwa. A Doha za ka shiga lif da mutum, ku hau bene goma kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya ce wa wani sannu. Watannin farko ina gaida kowa, har masu shara suka fara kallona kamar ina neman wani abu.

Wata Juma'a bayan an idar da salla na ji wani a bayana yana faɗa da wayarsa da Hausar Gusau tsantsa. Saboda abin da ya same ni a baya, na yi niyyar wucewa, ƙafata ta ƙi. Malam Ɗanjuma ke nan, direban wani kamfani, baƙi siriri mai yawan barkwanci. Bai tambaye ni ko ina da wani shiri ba, ya ce yalla, wato mu je, in shiga mota. Ya kai ni Mesaimeer, gidan Alhaji Sule.

Alhaji Sule mutumin Daura ne, injiniya a harkar gas, ya fi shekara ashirin a ƙasar. Duk Juma'a falonsa cike yake. Likita na zaune kusa da mai gadin da ya kwana a tsaye a ƙofar wani bene a West Bay, malamin jami'a na miƙa wa direba ruwan wanke hannu, kowa hannunsa a cikin tuwon shinkafa da miyar kuka da matarsa Hajiya ta kaɗa da daddawar da aka ɓoyo cikin akwati. Ranar farko da na kai loma baki sai da idona ya kawo ruwa, na ce yaji ne. Har yau in na rufe ido ina ganin koren kafet ɗin nan da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da gardamar siyasar gida wadda ba ta taɓa ƙarewa ba.

Alhaji yana da wata sana'a da ba a biyansa. Duk wanda ya samu matsala da kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, direban da ya goge mota ko mai gadin da aka kama yana gyangyaɗi, wurinsa yake zuwa. Sai ya zuba babbar riga, ya fesa turare, ya ɗauki mutum ɗaya ya raka shi, su tafi ban haƙuri. Salonsa irin na gida ne: zai zauna ya wanke mai laifin tas, ya ce yaro ne, ba shi da wayo, bai san komai ba, ɗan talakawa ne da Allah ya rufa wa asiri ta hannunka. Yana yi yana ƙarawa, har sai kafil ɗin da kansa ya fara cewa a'a, ai yaron bai kai haka lalacewa ba, halas, shi ke nan, ya koma aiki. Mutane da yawa suna Doha har yau albarkacin wannan baki nasa.

A shekara ta biyu na zaɓi tarihi. A waya Baba ya tambaye ni ko labarin matattu yana ciyar da rayayyu. Ban ba shi amsa ba, don ba a ba Baba amsa, amma ban canja ba. Ina son abin har cikin raina. Nakan wuni a ɗakin karatu, sanye da rigar sanyi alhali a waje rana na narka kwalta, ina bin labarin masu nutso neman lu'ulu'u a tekun nan, da fataken da suka ratsa sahara, da daulolin da suka tashi suka faɗi.

A nan na faɗa hannun Farfesa Helen, wata Baturiya 'yar Sikotlan, gajera mai furfura, wadda ta daɗe a ƙasashen Larabawa. Ajinta ba mu kai goma ba, kuma ba allo ba layin kujeru, tebur ne guda muke kewayewa. Za ta faɗi magana ta jingina da kujera tana jiran wanda zai ce mata ba haka ba ne. Yara 'yan shekara ashirin suna kiran sunanta gatsau, suna katse ta, ita kuma sai murna take yi. Kaso mai tsoka na makin darasin daga wannan musu yake fitowa.

Ni kuwa a zauren Malam na tashi, inda in malami na magana idonka na kan tabarma. Ko kuskure ya yi a karatu, ba ka buɗe baki, sai dai ka jira a watse ka je ka yi tambaya kamar kai ne ba ka gane ba. Na karanta duk abin da Farfesa ta ba mu, har da wanda ba ta ba mu ba, amma a teburin nan bakina kamar an ɗinke. A rubutu ma abin da ta faɗa nake mayar mata cikin ladabi, na gyara shi na yi masa kwalliya. A ƙasan wata takarda ta rubuta mini cewa wannan ra'ayinta ne, kuma ta riga ta san shi, nawa take nema.

Akwai ranar da na fi jin ciwon shirun nan. Ta kawo mana rahoton wani jami'in Turawan mulkin mallaka da ya zaga ƙauyukan ƙasar Hausa. A ciki ya ce duk inda ya sauka, dagatai da dattawa suna zubewa suna ce masa su jahilai ne, matalauta, ba su da komai, ba su san komai ba, shi ne uwa shi ne uba. 'Yan aji suka yi ta fashin baƙi. Farfesa ta karkata ga cewa cin ƙasar da yaƙi ya karya zukatan mutanen har suka daina ganin kansu da daraja. Magana ta taso mini har maƙogwaro. Ta dube ni, ni kaɗai ne Bahaushe a wurin, ta jira. Na sunkuyar da kai na ce bayaninta ya gamsar.

Bayan kwana kaɗan ta kira ni ofis ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa in aka tafi a haka, makin da zan samu a wurinta zai ja ni ƙasa da layin tallafi. Ta tambaye ni ko akwai abin da ke damuna. Na ce babu, na gode.

Juma'ar da ta biyo na kasa cin tuwo. Alhaji ya lura, ya jira aka ragu, ya tsare ni da tambaya har na faɗa masa. Ya gyara zama ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ya ga waɗanda suka fi shi, ranar Lahadi zai je ya ga matar. Tun makon farko aka ja mana kunne a kwaleji a kan wasɗa, wato a turo wani babba ya nema maka alfarma, aka ce duk wanda ya yi haka a kan maki zai gamu da kwamitin ladabtarwa. Na san wannan sarai. Amma dattijo ne mai furfura ya ce zai taka da ƙafarsa saboda ni, a cikin falonsa, da miyarsa a hannuna. Na ce, "To, Alhaji. Allah ya ƙara girma."

Ranar Lahadi da hantsi suka iso, Alhaji cikin farar shadda tana ɗaukar ido, Malam Ɗanjuma a bayansa da ƙunshin kilishi a leda. Ɗalibai sanye da gajerun wanduna suna ba su hanya suna waige. Farfesa ta karɓe su da fara'a, ta ɗauka iyayena ne suka kawo ziyara, ta sa aka kawo shayi. Ni na rasa inda zan zauna, don a gida a ƙasa ya kamata in durƙusa, nan kuma kujera ta nuna mini.

Alhaji ya fara da Turancinsa mai kyau, na mutumin da ya saba shugabantar taro. Ya yi godiya, ya yaba mata, sannan ya juyo kaina. Ya ce yaro ne ɗan ƙauye, kansa bai da kaifi sosai, Turancin ma da kyar yake tsinta. Ya ce karatun ya fi ƙarfinsa, su ma sun sani, amma ubansa talaka ne, in aka kore shi gidansu ya mutu. Ya ce ita uwa ce, ta dubi Allah ta ɗan ɗaga masa. Malam Ɗanjuma, wanda bai jin rabin abin da ake faɗa, yana gyaɗa kai yana cewa sahi, sahi, wato haka ne, ya tura ledar kilishin kan tebur.

Ina kallon fuskar Farfesa tana canjawa. Alhaji yana jiran ta ce a'a, ai yaron bai kai haka ba. Ita kuwa ta ɗauki kowace kalma a yadda ta zo. Ta ajiye kofinta, ta juyo gare ni, ta ce tana da tambaya biyu. Ta farko, ni na aiko su su nemi a ƙara mini maki? In haka ne, dole ta kai rahoto. Ta biyu, gaskiya ne karatun ya fi ƙarfina? In haka ne, ba za ta bar ni ina wahala ba, za ta rubuta a mayar da ni ajin share fage, ko a nema mini hanyar komawa gida cikin mutunci.

Alhaji ya yi mini alama da ido, alamar da duk ɗan Hausa ya sani: sunkuyar da kai, ka amsa laifi, ka bar manya su ƙarasa. Na san in na yi haka, na gama karatu a Doha. Na ce ban aike su ba, amma ban hana su ba, domin ban iya hana babba ba. Sannan na ji bakina ya ci gaba.

"Abin da Alhaji ya faɗa a kaina ba haka ba ne. Shi ma ya san ba haka ba ne. A wurinmu in ka je roƙo gaban mai iko, sai ka ƙasƙantar da wanda kake roƙa wa, don mai ikon ya samu wurin yin alheri. Da a ce wani ya rubuta abin da aka faɗa a ɗakin nan yau, bayan shekara ɗari ɗalibi ya karanta, zai ce Habibu daƙiƙi ne. Farfesa, haka aka yi wa rahoton nan da kika ba mu. Dattawan ba karyewa suka yi ba. Irin maganar Alhaji suka yi wa Baturen, shi kuma ya rubuta, mu kuma muka yarda."

Ban kalli Alhaji ba, amma na ji lokacin da ya janye ƙafarsa ya gyara hula. Farfesa kuwa ta matso da kujerarta. Ta ce me ya tabbatar mini salon maganar yau shi ne na wancan zamanin? Na kawo mata yadda maroƙa da talakawa ke magana a gaban hakimi, da abin da kakata ke faɗa game da ɓoye hatsi in masu ƙidayar haraji sun zo. Ta ce wannan ya nuna dabara ce ta kauce wa haraji, ba ladabi ba. Na ce biyun ba sa rabuwa. Ta ce in kawo hujja daga cikin rahoton kansa. Na tuna mata wurin da jami'in ya yi mamakin yawan rumbuna a garin da aka ce masa ba su da komai. Muka yi ta yi, na manta da kowa, har sai da na ji Malam Ɗanjuma ya yi gyaran murya. Shayin Alhaji ya huce a gabansa bai taɓa ba.

Ba ta ƙara mini ko ɗigo ba, kilishin ma ta ce dokar makaranta ba ta bari ta karɓa. Ta ce ba za ta kai rahoto ba, amma in rubuta abin da na faɗa, in zo in kare shi a gaban aji. Ta raka Alhaji har bakin ƙofa, ta gode masa da zuciya ɗaya, ta ce yau ya koya mata abin da littafi bai koya mata ba. Ta ɗauka yabo ta yi masa. Ni da na san shi, na ga yadda maganar ta sauka.

Suka ce in biyo su a rage mini hanya zuwa cikin gari. Muka shiga cunkoso wajen manyan benaye. Malam Ɗanjuma ya kwance ledar kilishin, ya ce tunda Baturiya ta ƙi, ba za a bar shi ya lalace ba. Ya miƙa wa Alhaji, Alhaji ya girgiza kai. Can Alhaji ya yi magana, idonsa na kan titi.

"Shekara ashirin ina shiga ofisoshin mutane ina zubar da girmana saboda 'ya'yan wasu. Ba wanda ya taɓa ƙaryata ni sai yau, a gaban baƙuwa. Da ka yi shiru, da ta gane."

Na san ba za ta gane ba, amma musun da nake da shi na ranar ya ƙare. Na ce ya yi haƙuri, ya yafe mini. Ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke da komai a ciki.

Na rubuta takardar, na kare ta a teburin nan, wata 'yar Labanan ta kusa cinye ni ɗanye, na rama. Makina ya tsaya a saman layi, da kyar a wannan zangon, da sauƙi a na gaba. Daga baya har Ɗahir yana cewa a ɗaki ma na ishe shi da gardama. Wannan batu na faɗaɗa ya zama aikina na kammalawa, Farfesa Helen ce ta duba shi, kuma har ranar ƙarshe ba ta yarda da ni duka ba.

Gidan Mesaimeer ban daina zuwa ba, Alhaji kuma bai taɓa sauya mini fuska a gaban mutane ba. Yana amsa gaisuwata, yana tambayar lafiyar Baba. Amma bai sake tambayata karatu ba, kuma in ana hira ya juyo neman wanda zai mara masa baya, idonsa kan tsallake ni. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna. Kafin in gama ya yi ritaya ya koma Daura, muka yi sallama a cikin taron jama'a, hannu da hannu kawai.

Yanzu ina koyar da tarihi a wata kwalejin horar da malamai a jiharmu. Ɗalibaina sun fi ɗari a aji, kuma in na yi tambaya sai in ga saman hula da saman hijabi. Ina roƙonsu su yi musu da ni, suna rubuta roƙon a littafi. A zangon da ya wuce, ranar da shugaban sashe ya shigo duba yadda nake koyarwa, wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba haka ba ne." Ta kawo dalilinta, kuma ita ce da gaskiya. Bakina ya yaba mata, na sa aka tafa mata. Amma kunnuwana sun yi zafi, kuma har na koma gida na yi la'asar raina a ɓace yake, ina ta ce wa kaina ai da ta jira an tashi.

Da yamma na nemi lambar Alhaji wurin Malam Ɗanjuma na kira shi. Muryarsa ta tsufa, amma ya gane ni tun kafin in faɗi suna. Bayan gaisuwa na ba shi labarin duka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya tambaye ni a gaban mutane ta yi? Na ce a gaban shugabana ma. Ya ce to, sannu. Ina jin kukan awaki ta bayansa.

"Habibu," in ji shi, "kada ka riƙe yarinyar nan a zuciya. Ni na riƙe ka shekaru, ban ƙaru da komai ba."